Kafin Mace Ta Hau Gwiwa: Shirin Haihuwa a Ƙasar Rima

Idan Bahaushe ya ce mace tana kan gwiwa, kowa ya san naƙuda yake nufi. Wannan furuci ya adana wani ilimi da iyayenmu mata suka daɗe da shi, wato mai haihuwa da jikinta take aiki, ba majinyaciya ba ce da za a shimfiɗe. A shekarar 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a bar mace mai lafiyayyen ciki ta yi tattaki a lokacin naƙuda, ta ci ta sha, ta zaɓi yanayin da za ta haihu, kuma a bar wadda ta aminta da ita ta zauna kusa da ita. Dalilin a fili yake: tsayuwa da durƙuso suna taimaka wa jariri ya gangaro, kwanciya rigingine kuwa tana sa mahaifa ta danne manyan jijiyoyin jini.

To, amma gwiwa kaɗai ba ta tsayar da jini. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya ƙiyasta cewa mata 512 ke rasuwa a cikin kowace haihuwa 100,000 a Nijeriya, kuma a Jihar Sakkwato matan da ke haihuwa a asibiti ba su kai ɗaya cikin goma ba. A ƙauyukan Wurno da Rabah da Goronyo har yanzu ana yaba wa wadda ta haihu ita kaɗai a ɗaki, ba a ji ko tarinta ba. Wannan kunya, musamman a haihuwar fari, ita ke ɓoye doguwar naƙuda har ta kai ga yoyon fitsari ko rasa rai. Zubar jini bayan haihuwa na iya kashe mace cikin awa biyu.

Saboda haka shirin yana farawa tun ciki yana ƙarami. Tun 2016 hukumar ta mayar da zuwa awo sau takwas. A wurin awo ne ake gano hawan jinin da ke jawo jijjiga, a ba da maganin ƙarin jini, da allurar tsinkau-tsinkau, da maganin kariya daga zazzaɓin cizon sauro, wanda ba baƙo ba ne a fadamun shinkafar Rima. Mai ciki ta ci gaba da tafiya da ƙananan aikace-aikace, ta saba da durƙuso da jan numfashi a hankali, amma a sauke mata dakan turmi da tallabar kaya masu nauyi.

Sauran shirin yana wuyan maigida. Tun wata na bakwai ya kamata ya san asibitin da za a je, da mai motar da za a kira, da ɗan'uwan da zai ba da jini, ya kuma ware kuɗi daga cinikin albasa ko shinkafa. Wanda ya ga ambaliyar 2010 ya san yadda damina ke yanke hanya a bakin gulbi, ga kuma rashin tsaro da ya sa tafiyar dare ta zama kasada. Idan gida na nesa, gara matar ta koma wurin dangi kusa da asibiti kafin watanta ya kama. Al'adar goyon ciki ta riga ta share wannan hanya. Ya kuma bar izini a faɗe, cewa ko ba ya nan a tafi da ita. Jini, ciwon kai mai tsanani, kumburin fuska, ko naƙudar da ta wuce awa 12, ba sa jiran dawowar kowa, kuma yankan gishiri ba maganinsu ba ne.

Asibitocinmu ma da nasu rabon. Matan karkara da yawa suna gudun ɗakin haihuwa ne saboda tsawa da tilasta kwanciya. A 2013 Sakkwato ta fara raba maganin tsayar da jini da na wanke cibiya har cikin ƙauyuka, abin da ya nuna ana iya iske mata inda suke. Abin da ya rage shi ne a horar da ma'aikata su karɓi haihuwa a durƙushe, su kuma ɗauki ungozoma a matsayin 'yar rakiya. Ranar da mace daga Rabah ta tabbata za a bar ta ta hau gwiwarta a gaban ƙwararriya, da ƙafarta za ta zo.