Haƙuri da Kuka: Matsayin Wahala a Koyarwar Kirista ta Fuskar Littafin Ayuba

Gabatarwa

Haƙuri na daga cikin manyan halayen da Bahaushe ke auna mutum da su. A nazarin da A. H. M. Kirk-Greene ya buga a 1974 game da mutumin kirki, ya jera shi tare da gaskiya da amana da kunya. Karin magana ma cewa ta yi, mahaƙurci mawadaci. Sai dai a fahimtar yau da kullum, haƙuri yakan ɗauki ma'anar mutum ya haɗiye baƙin cikinsa ya yi shiru. Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna cewa a koyarwar Kirista, jure wa wahala bai hana kuka ba, muddin ga Allah aka kai kukan.

Labarin Ayuba

Sunan Ayuba ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa, domin Musulmi ma sun san shi da haƙuri. A cikin Littafi Mai Tsarki, wanda aka fara buga cikakkiyar fassararsa ta Hausa a 1932, labarinsa ya ɗauki surori 42. An bayyana shi mutum ne adali, mai 'ya'ya goma da tumaki 7,000 da raƙuma 3,000. Rana ɗaya ya rasa dukiya da 'ya'ya, daga bisani kuma miyaku suka rufe jikinsa.

Da farko ya karɓi abin ba tare da ya zargi Allah ba. To amma a sura ta 3 sai ya buɗe baki ya la'anci ranar da aka haife shi, ya kuma ci gaba da neman Allah ya ba shi amsa. Abokansa uku, wato Elifaz da Bildad da Zofar, suka dage cewa lalle akwai zunubin da ya jawo masa wannan masifa. Abin lura shi ne hukuncin da ya zo a sura ta 42, inda Allah ya tsauta wa abokan, ya shaida cewa Ayuba ne ya faɗi daidai game da shi. Ashe ke nan mai kukan ne ya sami yabo, masu wa'azin kuwa sai da Ayuba ya roƙa musu gafara.

Sabon Alkawari

Wannan fahimta ta ci gaba a Sabon Alkawari. A sura ta 9 ta Linjilar Yahaya, almajirai sun tambayi Yesu ko laifin wane ne ya sa aka haifi wani mutum makaho, shi kuwa ya kawar da zargin daga kan mutumin da iyayensa. Haka nan a lambun Gatsemani, shi kansa ya roƙi a ɗauke masa azabar da ke tafe, sannan ya miƙa wuya ga nufin Allah. Manzo Bulus, a sura ta 5 ta wasiƙarsa ga Romawa, ya ɗauki wahala a matsayin abin da ke gina juriya, ita kuma ta kai mai bi ga sa zuciya. Dalili ke nan Kirista ke ganin gicciye da tashin Almasihu su ne tushen haƙurinsa, domin ya gaskata cewa wahala ba ita ce ƙarshen magana ba.

Kammalawa

Daga bayanan da suka gabata za a ga abubuwa biyu. Na farko, wahala ba hujja ce ta zunubi ba, don haka bai kamata a ƙara wa majinyaci ko mai makoki nauyin zargi ba. Na biyu, hawaye ba sa rushe bangaskiya. Hasali ma, abokan Ayuba ba su yi kuskure ba a kwana bakwai da suka zauna tare da shi a ƙasa ba tare da sun ce uffan ba. Laifinsu ya soma ne a ranar da suka ɗauki kansu masu fassara masa dalilin ciwonsa.