Dainoso da Hotunansa a Tsofaffin Littattafai

Da yawa daga cikinmu mun taɓa ganin hoton dainoso a littattafan kimiyya, wato manyan dabbobin nan da suka ƙare tun zamanin da. Abin lura shi ne, babu mai zanen da ya taɓa ganinsu da rai. Ƙasusuwa kawai yake dubawa, sauran kuwa kintace ne.

A 1825 wani likita a Ingila, Gideon Mantell, ya raɗa wa ɗaya daga cikinsu suna Iguanodon, alhali haƙoransa ne kusan duk abin da ya samu. Da aka sami wani ƙashi mai tsini, sai ya ɗora masa shi a kan hanci kamar ƙahon karkanda. Haka kuwa aka yi ta zana shi. Littafin Louis Figuier na 1863, wanda ya yi farin jini ƙwarai a Faransa har aka fassara shi zuwa Turanci, ya nuna shi da wannan ƙaho yana cizon wani dainoso. Zanen yana da kyau matuƙa, sai dai dabbar ba haka take ba.

A 1878 masu haƙar kwal a Bernissart, ƙasar Beljiyam, suka tono kwarangwal ɗinsa wajen 30. Ashe ƙahon nan babban yatsan hannu ne! Masu gyaran ma ba su tsira ba, domin sun tsayar da shi tsaye yana jan wutsiya a ƙasa, har sai 1980 da David Norman ya nuna cewa sai an karya wutsiyar kafin ta lanƙwasa haka.

Wannan labari bai yi nisa da mu ba. A Gadoufaoua, cikin yankin Agadas, Philippe Taquet ya tono ɗan'uwan Iguanodon, ya sa masa suna Ouranosaurus nigeriensis a 1976. Yana da dogayen ƙasusuwa a gadon baya, kuma masana sun yi gardama ko fata ce shimfiɗe a kansu ko tozo. W. E. Swinton kuwa, wanda ya rubuta littafin The Dinosaurs a 1934, tun 1930 ya yi bayanin ƙasusuwan da aka samu a lardin Sakkwato. Cikinsu akwai na Goronyosaurus, mai sunan garin Goronyo, wanda ba dainoso ba ne, ƙaton ƙadangaren teku ne na lokacin da ruwan gishiri ya rufe wannan yanki namu.