Abin Da Ya Sa Alkawarin Sabuwar Shekara Ba Ya Ganin Damina

A duk lokacin da shekara ta ƙare wata ta kama, musamman a watan Janairu, akan sami mutane da dama suna ɗaukar wa kansu alkawari. Mai shan taba ya ce daga yau shi da ita har abada. Ma'aikaci ya ce bana zai riƙa ajiye wani abu daga albashinsa, ba zai ƙara cin bashi ba. Wanda likita ya yi wa gargaɗi kan hawan jini ya ce kullum da asuba zai fita motsa jiki. Amma kafin ruwan farko ya sauka, sai a tarar mai taba ya koma wa tabarsa, an fasa asusu, takalmin gudu kuwa ƙura ta rufe shi a ƙarƙashin gado.

Wannan al'amari ya wuce abin dariya, domin abin da ake sa wa rai a irin waɗannan alkawura shi ne lafiyar jiki da rufin asirin iyali. Kuma wanda ya saɓa wa kansa alkawari shekara uku a jere yakan yanke ƙauna, ya ce ai hali zanen dutse ne.

Masana halayyar ɗan Adam sun daɗe suna bin diddigin lamarin. A ƙarshen shekarun 1980, John Norcross na Jami'ar Scranton da ke Amurka ya bi mutum 200 da suka ɗauki alkawarin sabuwar shekara. Bayan mako guda, kashi 77 cikin 100 ne ke riƙe da alkawarinsu. Bayan shekara biyu kuwa, saura kashi 19 kacal. Watau cikin kowane mutum biyar, huɗu sun koma gidan jiya.

Babban dalilin haka shi ne, ranar da aka ɗauki alkawari kwanan wata kaɗai ke sakewa. Gida yana nan yadda yake, majalisa tana nan, abokai suna nan. Mai taba da ya saba kunna ta bayan cin abinci, ko a teburin mai shayi, zai sake cin abinci ran 2 ga wata, zai kuma sake zama a teburin nan tare da waɗanda ke miƙa masa ashana. Al'ada tana manne ne da wuri da lokaci da mutane, muddin kuwa waɗannan ba su sake ba, niyya kaɗai ba ta isa ta tumɓuke ta. Daɗin daɗawa, watan Janairu kansa ba ya taimako. Sanyin hunturu yana hana fitar asuba, albashin Disamba ya riga ya tafi a hidimomi, ga kuɗin makarantar yara yana jira.

Dalili na biyu shi ne girman alkawarin da rashin fayyace shi. Mutum ɗaya zai ce zai bar taba, ya rage ƙiba, ya tara kuɗi, ya kuma koma karatu, duk a wata ɗaya, alhali kuwa taura biyu ba ta taunuwa. Sa'an nan "zan yi tattali" buri ne kawai, tunda ba a faɗi nawa ba, ba a faɗi yaushe ba. A 1999 masani Peter Gollwitzer ya bayyana cewa wanda ya tsayar da lokaci da wurin da zai aikata abu tun da wuri ya fi kusa da aikata shi bisa ga wanda ya tsaya ga kyakkyawar niyya. Haka kuma wani bincike da aka buga a 2020 daga ƙasar Suwidin, kan mutum sama da 1,000, ya nuna cewa masu alkawarin fara wani abu sun fi masu alkawarin barin wani abu dacewa bayan shekara guda, kusan kashi 59 cikin 100 a kan kashi 47. Ke nan wanda zai bar wata al'ada ya kamata ya nemi abin da zai sa a gurbinta.

Dalili na uku shi ne gajen haƙuri. A 2009 Phillippa Lally da abokan aikinta na wata jami'a a Landan sun bi mutum 96 masu koyon sabuwar al'ada, suka gano cewa a matsakaici sai an yi kwana 66 kafin abu ya zama jiki, wani kwana 18, wani har 254. Wanda ya fara ran 1 ga Janairu ke nan sai cikin watan Maris zai soma jin sauƙi, da yawa kuwa sun ajiye tun kafin nan. Binciken ya kuma nuna cewa tsallake rana ɗaya ba ya rushe abin da aka gina. Amma mutane da yawa da zarar sun yi tuntuɓe sau ɗaya sai su ce alkawari ya karye, sai kuma baɗi.

Ba sai an je Turai ba kafin a ga abin da ke sa alkawari ya tsaya. A watan azumi, mashayin taba da ke rantsuwa ba zai iya awa biyu babu ita ba yakan wuni bai taɓa ta ba, kwana 29 ko 30. Bayan tsoron Allah da ke zuciyarsa, lokacin kamewa sananne ne, daga alfijir zuwa faɗuwar rana, kuma gari duka tare ake yi. Da an sha ruwan Salla, tsarin ya ɗauke, sai da yawa su koma.

Haka nan adashi. Matar da ba za ta iya ajiye kuɗi a ɗakinta na mako guda ba takan yi shekara tana zubi ba fashi, saboda an yanka abin da za ta zuba, an sa rana, ga uwar adashi za ta aiko, ga kuma kunyar sauran 'yan zubi.

Saboda haka wanda ke son alkawarinsa ya ga damina, sai ya ɗauki guda ɗaya wanda ƙarfinsa zai iya, ya yanka masa lokaci da wuri, ya sanar da wani wanda yake jin nauyinsa, ya kuma kauce wa wuraren da ke jan sa zuwa ga abin da ya bari. In ya faɗi ran Talata, ya tashi ran Laraba, kada ya jira wata shekara, domin da yayyafi kogi kan cika. Allah Ya ba da ikon cikawa, amin.