Damuwar Mai Ciki da Mai Jego: Ciwo Ne, Yana Kuwa da Magani

'Yan'uwa manoma, mun saba magana a wannan shafi a kan iri, da taki, da rumbu, da rigakafin dabbobi. Yau za mu shiga cikin gida.

Dukanmu mun taɓa ganin irin wannan. Mace ta haihu lafiya, an yi suna, baƙi sun watse. Bayan mako uku ko huɗu sai a ga ta daina hira. Ba ta cin abinci sosai. Ba ta barci, ko da jariri ya yi barci. Tana kuka a ɓoye. Waɗansu su ce ragwanci ne, waɗansu su ce iska ce ta taɓa ta, ko an yi mata sammu. Miji ya yi fushi, uwar miji ta yi faɗa, ita kuwa ta ƙara shiga ɗaki.

Wannan ciwo ne, kamar yadda zazzaɓin cizon sauro ciwo ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ƙasashe irin tamu, wajen mata 15 cikin 100 suna fama da shi lokacin da suke da ciki, wajen 20 cikin 100 kuma bayan haihuwa. Wato idan mata biyar sun haihu a ƙauyenmu bana, mai yiwuwa ne ɗaya daga cikinsu tana ɗauke da shi.

IRINSA UKU NE

Na fari shi ne kukan kwanakin farko. Kwana uku zuwa biyar da haihuwa, mata da yawa sukan ji zuciyarsu ba daɗi, su yi kuka ba dalili. Wannan yakan wuce da kansa kafin mako biyu. Hutawa da magana mai taushi sun isa.

Na biyu shi ne ciwon damuwa da fargaba. Yana iya farawa tun ana da ciki, ko kowane lokaci cikin shekarar farko bayan haihuwa. Alamarsa ita ce baƙin ciki ko tsoro da ya wuce mako biyu bai sake ta ba. Abin da take jin daɗinsa dā ya fita mata a rai. Gabanta yana faɗuwa kullum. Tana ganin kanta ba ta da amfani, ko tana tsoron jaririn zai mutu, har ba ta iya rufe ido.

Na uku shi ne ruɗewar jego. Wannan ba shi da yawa, mace ɗaya ko biyu ne cikin 1,000. Yakan zo farat ɗaya, galibi cikin mako biyu na farko. Mai jego ta rikice, tana sambatu, tana jin muryoyi ko ganin abin da babu. Wannan na gaggawa ne.

Mu lura da abu ɗaya. Alkunyar da mace take yi wa ɗan fari a gaban mutane al'ada ce, ba ciwo ba. Amma mu duba ko tana ba shi nono, tana kula da shi idan ba kowa. Labarin zuciya a tambayi fuska.

ME KE KAWO SHI?

Jikin mace yana sakewa ƙwarai lokacin ciki da bayan haihuwa. A kan wannan sai a ƙara rashin barci, da ƙarancin jini, da yunwa, da aure da wuri, da duka ko zagi a gida, da ɓari ko mutuwar ɗa.

Mu a Anka, da Gummi, da Bukkuyum, kayanmu ya fi haka nauyi. A shekarar 2010 gubar dalma daga niƙan dutsen zinariya ta kashe yara wajen 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta, da Abare, da 'Yargalma. Uwar da ta binne ɗa, idan ta sake ɗaukar ciki, tsoro ba ya barinta da sauƙi. Bayan haka 'yan bindiga suka kori mutane da yawa daga gonakinsu. A damina ta 2024 kuma ambaliya ta ci gidaje a Gummi.

Dā, yarinya takan tafi goyon ciki gidan iyayenta. Uwa ko gwaggo ta yi mata wankan jego, ta dafa mata, ta ɗauke mata aiki har kwana arba'in. Wannan al'ada tana kare zuciyar mai jego. Amma wadda ta haihu a wurin gudun hijira, uwarta tana wani gari, wa zai yi mata wannan?

MAGANI NA FARKO: ZAMA DA MAGANA

Kada mu raina wannan, gama an gwada shi. A karkarar Rawalfindi ta ƙasar Fakistan, Farfesa Atif Rahman da abokan aikinsa suka koya wa mata masu aikin lafiya na ƙauye yadda za su zauna da masu ciki da ke da damuwa. Mata 903 aka bi, an kuwa buga sakamakon a 2008. Wata shida bayan haihuwa, cikin waɗanda aka yi wa wannan zama, 23 cikin 100 ne suka rage da ciwon. Cikin sauran kuwa, 53 cikin 100. 'Ya'yan na farkon ma sun fi samun allurar rigakafi, zawo kuma bai dame su kamar na sauran ba. A 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta mai da wannan hanya littafin koyarwa domin dukan ƙasashe.

Yaya ake yi? Mai ziyara takan fara da saurare, ba da wa'azi ba. Daga nan sai matakai uku. A gane tunanin da ke cin matar, misali, "Ni ba uwar kirki ba ce, ba abin da zan iya." A taimake ta ta sāke shi da wanda ya fi gaskiya: "Na gaji ne, amma jiya na yi masa wanka, na ba shi nono." Sai a ba ta ɗan aiki kaɗan da za ta gwada kafin zama na gaba, kamar cin abinci sau uku, ko fita ta gai da maƙwabciya, ko yi wa jariri wasa. Ana duba abu uku kowane zama: lafiyarta, da tsakaninta da jariri, da tsakaninta da mutanen gida.

A Harare ta Zimbabuwe, Dokta Dixon Chibanda ya koya wa tsofaffin mata irin wannan aiki, suna zama da masu damuwa a kan benci kusa da asibiti. A Jihar Oyo ma, Farfesa Oye Gureje na Jami'ar Ibadan ya nuna cewa ma'aikatan ƙananan asibitoci suna iya warkar da yawancin masu wannan ciwo. Ashe ba sai babban likita kaɗai ba.

MAGANI NA BIYU: ƘWAYOYIN ASIBITI

Idan ciwon ya yi nauyi, ko magana kaɗai ba ta isa ba, likita yakan ƙara da ƙwaya. Akwai waɗanda mai ciki ko mai shayarwa take iya sha, amma likita ne zai zaɓa. Ba su aiki rana ɗaya. Sai mako biyu zuwa huɗu kafin a fara ganin sauƙi, ana kuma ci gaba da sha wata shida ko fiye bayan an warke. Kada a daina farat ɗaya.

Kada mu sayi ƙwayar barci ko taramol a kasuwa domin mai jego. Ba maganin damuwa ba ne, suna kuwa cutar jariri. Wadda take shan maganin farfaɗiya ko na taɓin hankali, ta gaya wa likita da zarar ta ga alamar ciki, ko ma kafin haka, gama waɗansunsu suna lahanta ɗan da ke ciki.

Ba kowace faɗuwar gaba ce fargaba ba. Idan akwai kumburin ƙafa, da haki, da tari idan ta kwanta, mai yiwuwa ciwon zuciya ne na jego. Likitoci a Zariya sun bayyana shi tun shekarun 1970, suka ga yawan kunun kanwa da kwanciya bisa gado mai wuta suna ƙara shi. Domin haka a fara gwada jini da jiki a asibiti.

LOKACIN DA BA A JIRA

A kai ta asibiti ran nan idan ta rikice ko tana sambatu, idan ta yi maganar kashe kanta ko cutar jariri, idan ta ƙi ci da sha, ko idan akwai zazzaɓi mai zafi ko jijjiga. Kada a ɗaure ta, kada a doke ta, kada a bar ta ita kaɗai da jariri. A kawar da maganin ƙwari da na ɓera daga inda hannunta zai kai. A fara da babban asibitin Anka, ko Gummi, ko Bukkuyum. Daga can ana iya tura ta Asibitin Tarayya na Gusau, ko asibitin ƙwaƙwalwa na Kware kusa da Sakkwato. Ruɗewar jego ma tana warkewa.

ABIN DA ƘUNGIYARMU ZA TA YI

1. Zumuntar mata ta zaɓi dattijai biyu masu riƙe asiri. Su ziyarci kowace mai ciki da mai jego sau ɗaya a mako. Su tambaye ta, "Yaya barci? Yaya zuciyarki?" Mu roƙi malamar asibiti ta koya musu.

2. Mu yi wa gidan mai jego gayya. Ruwa, da itace, da daka, da surfe su fita daga hannunta har kwana arba'in.

3. Mu ware ɗan kuɗi daga asusun ƙungiya domin mota da magani. Mu san direban da za a kira tun kafin rana ta ɓaci.

4. Maza, mu ɗauki jariri ta sami barci. Mu raka ta awo. Mu sayar da buhu ɗaya idan ya zama tilas, gama hatsi yana dawowa da kaka.

5. Mu yi mata addu'a, mu kuma kai ta asibiti. Kada wani ya ce mata rashin bangaskiya ne ko zunubi. Maƙwabciyar da ba ta cikin ƙungiya ma, mu duba ta.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A taronmu na wannan wata, bari a karanta wannan takarda a gaban maza da mata, a ƙidaya masu ciki da masu jego na unguwa, a kuma faɗi wanda zai je gidan kowace ɗaya.