Garin Shuɗi Mai Ƙyalli: Abin da Ya Faru a Goyaniya

A ranar 13 ga Satumban 1987 wasu 'yan jari-bola biyu suka shiga wani asibitin gashin ciwon daji da aka yi watsi da shi a birnin Goyaniya na ƙasar Burazil. Suka kwance kan wata na'ura mai nauyi, suka tura shi gida a baro. Ƙarfe da dalma suke nema. A cikinsa kuwa akwai ɗan ƙaramin gwangwani ɗauke da giram 93 na wani gari mai sinadarin sisiyam-137, mai fitar da tururin nukiliya.

Tun a ranar suka fara amai. Da ɗayansu ya je asibiti da gudawa da jiri da kumburin hannu, sai aka ce wani abinci ne bai karɓe shi ba. Nan, a ganina, aka yi babbar asara, domin daga wannan rana sai da aka shafe kusan mako biyu kafin a gane mugun abin da ke yawo a gari.

Mai shagon gwangwan da ya sayi kayan ya ga garin da ke ciki yana ƙyalli shuɗi da daddare, ya kai gida, ya kira 'yan'uwa da maƙwabta kallo. Wasu suka shafa a jiki. Wata yarinya 'yar shekara 6 ta ci abinci da hannun da ta taɓa shi. Matar mai shagon ce ta lura cewa tun shigowar abin nan gidan ya rikice da ciwo. Ranar 28 ga wata ta sa shi a jaka, ta hau bas, ta dire shi a ofishin duba-gari. Washegari wani masanin kimiyya ya zo da na'urar awo. Tun daga nesa allurarta ta ƙure, har ya ɗauka lalacewa ta yi ya je ya sauyo wata. Shi ne ya hana 'yan kwana-kwana jefa jakar a kogi.

An auna mutum kimanin 112,000 a filin wasan birnin, aka samu sinadarin a jiki ko a tufafin 249. Huɗu suka rasu cikin Oktoba, ciki har da yarinyar da matar da ta kai jakar.

To me likita zai yi in irin wannan ta taso? Da farko sai ya bambanta wanda tururin ya ratsa da wanda garin ya manne masa ko ya shiga cikinsa. Na farko kamar wanda ya sha rana ne: ya ƙone, amma ba ya ƙona wani. Na biyun ne ke buƙatar a tuɓe masa tufafi a ƙulle su a leda, a wanke shi da ruwa da sabulu ba tare da dirza ba. Tuɓe tufafin kawai na iya raba shi da kusan kashi 90 cikin 100 na abin da ke jikinsa ta waje. In kuma yana zubar da jini ko numfashinsa na sarƙewa, wannan ake fara tarewa, wanka ya biyo baya. Ma'aikacin jinya mai safar hannu da takunkumi da riga ba shi da dalilin gudun majinyaci, ko da yake a Goyaniya tsoro ya sa wasu sun ja da baya.

Sai tambayoyi: yaushe aman ya fara, me ka taɓa, wa kuma ke ciwo a gidanku? Saurin zuwan amai da faɗuwar wani rukuni na fararen ƙwayoyin jini cikin kwana biyun farko su ke nuna yawan abin da jiki ya sha. Ƙunar fata kan ɗauki kwanaki ko makonni kafin ta fito, abin da ke ruɗa likita ke nan.

Magani kuma kowane da gurbinsa. Ƙwayar ayodin da ake yawan ambata tun bayan haɗarin tashar nukiliya ta Chernobyl a 1986 ƙululun wuya kaɗai take karewa, daga ayodin mai tururi. Ba ruwanta da sisiyam. A Goyaniya wani shuɗin magani ne, Radiogardase, aka ba mutum 46. Yana kama sisiyam a hanji ya fita da shi ta bayan gida.

Ba sai ƙasa na da tashar lantarki ta nukiliya irin wannan ke faruwa ba. Asibitocin ciwon daji da kamfanonin mai da masu duba walda duk suna aiki da irin waɗannan gwangwanaye, kuma kowa ya san yawan 'yan arewa a sana'ar jari-bola daga Kano har Legas. Najeriya na da hukumar NNRA mai sa ido kan kayan nukiliya, wadda dokar 1995 ta kafa. Ni dai da zan ba ta shawara, da na ce ta riƙa kai wayar da kai kasuwannin gwangwan da ƙananan asibitocin unguwa, da Hausa. Alamar gargaɗin nukiliya mai fukafukai uku ba kowa ke gane ta ba, shi ya sa a 2007 hukumar makamashin nukiliya ta duniya ta ƙara wata: ja, da ƙoƙon kai, da mutum yana gudu. A cikin na'ura ake liƙa ta, inda mai kwance ta ne zai fara gani.