Ɗakin Otal a Kan Bulokcen: Me Ya Kamata a Rubuta, Me Ya Kamata a Bari?

Duk wanda ya kama ɗaki ta intanet ya san Booking.com ko Expedia, amma ba kowa ya san cewa mai otal yakan biya irin waɗannan dillalai wajen kashi 15 cikin ɗari na kuɗin ɗakin ba, wani lokaci ma fiye da haka. Wannan la'ada ce ta sa wasu masana kwamfuta suka kafa gidauniyar Winding Tree a Switzaland a 2017, da nufin buɗe kasuwar da otal zai rubuta bayanansa a kan bulokcen na Ethereum, wato kundin da dubban kwamfutoci ke riƙe da kwafinsa, babu mai iya goge abin da aka shigar. Kamfanin jirage na Lufthansa da otal-otal na Nordic Choice sun shiga gwajin. A ganina darasin wannan yunƙuri shi ne amfanin bulokcen ga otal yana nan, amma ƙanƙane ne, kuma gwanintar mai tsara manhaja tana cikin sanin abin da ba zai ɗora a kai ba.

Mai tsara manhaja ba ya magana da bulokcen kai tsaye. Yana amfani da laburare, wato tarin umarnin da wasu suka riga suka rubuta, irin web3.js da ethers.js a harshen JavaScript. Winding Tree ma ta fitar da nata laburaren na harkar otal, ta yadda 'yan layuka suka isa a yi wa otal rajista, a sauya bayaninsa ko a cire shi daga jeri. Laburaren ne ke shirya saƙon, a sa masa hannu da mabuɗin sirri na mai otal, a aika wa kwangila mai sarrafa kanta da ke zaune a kan Ethereum. Sauƙin nan yana da yaudara, domin kowane rubutu kuɗi ne: ajiye sabon bayani mai bayit 32 kacal yana cin wajen gas 20,000, wato ma'aunin kuɗin aiki a Ethereum, kuma farashinsa yana hawa idan cunkoso ya yi yawa. Otal kuwa farashin ɗakinsa yakan sauya sau da dama a rana, ga hotuna, ga bayanin ɗakuna. Shi ya sa tsarin Winding Tree ya bar waɗannan a waje, a sabar otal ko a ma'ajiya irin Swarm, abin da ke kan bulokcen kuwa shi ne shaidar wanda ya mallaki otal ɗin da adireshin inda za a sami sauran bayanan.

Akwai masu cewa ai tsaro ma ya isa dalilin kwashe komai a kai can, suna kafa hujja da kutsen da kamfanin otal-otal na Marriott ya sanar a 2018, wanda ya shafi bayanan ɗaruruwan miliyoyin baƙi. Wannan hujja ba ta tsaya ba. Bulokcen na jama'a yana hana a sauya rubutu ne, ba ya hana a karanta shi. Sunan baƙo da lambar fasfonsa idan suka hau, sun hau ke nan har abada, alhali dokar kare bayanai ta Tarayyar Turai, wadda ta fara aiki a 2018, ta ba mutum haƙƙin neman a share bayanansa, haka ma dokar Najeriya ta 2023. Kundin da ba ya gogewa da dokar da ke cewa a goge ba sa zama inuwa ɗaya.

Wasu kuma suna cewa idan haka ne, me ya hana a yi amfani da rumbun bayanai na yau da kullum? Ga otal guda mai kula da ɗakunansa, lalle babu abin da ya hana, kuma ya fi arha da sauri. Inda bulokcen ke da ta cewa shi ne tsakanin kamfanoni da yawa da kowanne ke riƙe da nasa littafin, lissafi yana saɓawa. Abin da kamfanin Webjet na Ostireliya ya nema ke nan da tsarinsa na Rezchain, wanda ya fara ginawa da Microsoft a 2016: a gano tun da wuri inda bayanin ajiyar ɗaki na dillali ya bambanta da na abokin cinikinsa, kafin baƙo ya iso a ce masa babu sunansa. Kamfanin yawon buɗe ido na TUI na Jamus ma ya yi amfani da bulokcen mai zaman kansa wajen juya gadajen otal tsakanin kasuwanninsa.

Batun korar dillali kuwa, nan ne lissafin ya fi rauni. Mai otal ba don ajiye bayanai yake biyan Booking.com ba, don kawo masa baƙi ne, da tallan da kamfanin ke kashe biliyoyin daloli a kansa kowace shekara, da ra'ayoyin waɗanda suka taɓa kwana, da wanda za a kai wa kuka idan aka sami matsala. Laburare zai iya rubuta otal a kundi cikin 'yan daƙiƙoƙi, amma matafiyin da ya sauka a Stockholm da dare manhajar da ya saba da ita zai buɗe, kuma otal ɗin da ba ya cikinta ba zai gan shi ba.