Abin da Ke Sa Mai Koyon Harshe Ya Buɗe Baki

A ajin koyon Turanci ko Faransanci ko Larabci akan sami ɗalibin da ya laƙanci nahawu, yana cin jarrabawa, amma da zarar an ce ya yi magana sai ya sunkuyar da kai. Na kusa da shi kuwa, da 'yan kalmominsa, sai zuba yake yi. Masana koyar da harshe suna kiran abin da ya bambanta su niyyar yin magana, wato shirin mutum na shiga zance da wani, a wani lokaci, cikin harshen da yake koyo.

Nazarin wannan abu ya faro ne a Amurka a shekarun 1980, inda James McCroskey ya dube shi a harshen uwa, ya ɗauke shi ɗabi'a ce da mutum yake tafe da ita duk inda ya je. A 1998 Peter MacIntyre na Kanada da abokan aikinsa uku suka karkato da shi kan harshe na biyu, suka jera dalilansa hawa shida kamar dala. A gindi akwai halin mutum da irin zaman da ke tsakanin al'ummarsa da masu harshen. Can sama kuma akwai abubuwa biyu masu saurin sauyawa: ko yana son magana da wanda ke gabansa, da ko ya amince da kansa a daidai wannan lokacin.

Na biyun ya fi ɗaukar hankali. Amincewar ta dogara ne ga yadda mutum yake ganin iyawarsa, kuma mai fargaba yakan raina kansa fiye da kima. Sai ya yi shiru, shirun ya hana shi gogewa, rashin gogewa ya ƙara masa fargaba. Ga shi sauraro kaɗai ba ya isa: Merrill Swain ta nuna a 1985 cewa yaran Kanada da aka yi shekara da shekaru ana koya musu darussa da Faransanci suna jin harshen sosai, amma nahawunsu a magana bai kai na masu harshen ba, domin ba a cika tilasta musu furta shi ba.

A ƙasar Hausa kunya, wadda abar yabo ce a gida, takan bi yaro har aji, ga kuma dariyar 'yan aji idan ya kwafsa. Baƙon ɗan kasuwa a Sabon Garin Kano ba shi da wannan damuwa; ciniki yake nema, ya faɗi Hausarsa a gurguje, a gane, gobe ya gyara.

Tunda abin yana sauyawa da yanayi, malami yana da abin yi. Raba ɗalibai bibbiyu ko uku-uku yana rage yawan idanun da ke kan mai magana. Jira na 'yan daƙiƙoƙi bayan tambaya yana ba mai jinkiri damar haɗa jimlarsa. Gyara kuma a bari sai ɗalibi ya kai aya, domin wanda aka katse a tsakiyar magana da wuya ya sake ɗaga hannu.